Amfilifaya mai bawul: me ya sa makaɗan jita suka ƙi rabuwa da fasahar da ta haura shekara 100?

A shekarar 2008 wani matashi Ba'abzine daga yankin Tahoua na Jamhuriyar Nijar ya zo Sakkwato ya naɗi kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar. Sunansa Mahamadou Souleymane, amma duniya ta fi saninsa da Mdou Moctar. Waƙoƙin sun riƙa yawo daga waya zuwa waya ta memori da Bluetooth har suka tsallaka teku, kuma yau yana cikin makaɗan jita da ake ji da su a Turai da Amurka. Jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta, da katako da wayar burkin keke.

Duk wanda ya saurari kiɗansa na baya-bayan nan, ko na Bombino ɗan Agadas, zai ji jitar tana gurnani, tana jan sauti kamar murya mai kaushi. Ko da wace irin na'ura makaɗin ya yi aiki a ranar, asalin wannan gurnanin daga wuri ɗaya ya fito: wata 'yar kwalbar gilashi mai zafi da masu gyaran rediyo na da suke kira bawul. An daina sa ta a rediyo da talabijin tun tuni, tiransisto ya kore ta. Amma masu jita sun riƙe ta gam, suna biyan kuɗi mai yawa a kanta. To me ke cikin wannan kwalbar? Kuma idan mutum yana Tambuwal ko Kebbe, da irin wutarmu da zafinmu da ƙurarmu, ya kamata ya saye ta?

Jitar lantarki ba ta da murya

Garaya da kuntigi da goge duk suna da ƙoƙo ko gwangwani da aka rufe da fata. Idan tsarkiya ta karkaɗa, fatar ta ɗauka ta tura iska, kunne ya ji. Jitar lantarki kuwa gungumen katako ce. Ka kaɗa ta ba a jona ba, wanda ke ƙofar ɗaki ma da ƙyar zai ji.

Abin da take da shi a ƙarƙashin tsarkiyoyin shi ne maganaɗisu da aka nannaɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye dubbai. Tsarkiyar ta ƙarfe ce. Idan ta karkaɗa a saman maganaɗisun, sai ta motsa ƙarfinsa, wannan motsin kuma ya haifar da 'yar wuta a cikin wayar. Michael Faraday ne ya gano wannan ƙa'ida a Ingila a 1831, kuma ita ce dai janaretan gidanku ke aiki da ita. Sai dai wutar da jita ke bayarwa ƙarama ce ƙwarai, wajen kashi ɗaya cikin goma na bolt. Batirin tocilan guda ɗaya bolt 1.5 ne. Wannan 'yar wuta ba za ta iya motsa lasifika ba, dole sai an ƙara mata ƙarfi, kuma aikin amfilifaya ke nan.

Abin da ke cikin kwalbar

A 1904 John Ambrose Fleming ya ƙera bawul na farko a Landan, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. A 1906 Lee de Forest a Amurka ya ƙara masa wani sashe na uku, wanda daga baya aka gane yana iya ƙara wa sigina ƙarfi. Daga nan har zuwa lokacin da aka ƙirƙiro tiransisto a 1947, rediyo da tarho mai nisa da kwamfutocin farko duk a kan bawul suka dogara.

An zuƙe iskar cikin kwalbar kaf. A tsakiya akwai wani siririn bututun ƙarfe da ake kira katod, da wata waya a cikinsa mai dumama shi har ya kai wajen digiri 700 zuwa 800 a ma'aunin salshiyos. Wannan ne jan hasken da ake hangowa ta bayan amfilifaya. Da ya yi zafi haka, sai ƙwayoyin lantarki, wato ilektiron, su riƙa tashi daga jikinsa kamar tururi daga tukunya. A kewaye da shi akwai farantin ƙarfe da aka ba wuta mai ƙarfi, bolt 250 zuwa 500, wanda ke janyo su. Tun da babu iskar da za ta tare su, sai su kwarara daga katod zuwa faranti.

Tsakanin su biyun akwai wata 'yar raga ta siririyar waya, kuma a nan dabarar take. Ka ɗauki ƙofar dam ɗin Goronyo. Mai kula da ƙofar ba shi ya kawo ruwan ba, kuma ƙarfinsa bai kai na ruwan ba, amma da ɗan juyin da zai yi sai ruwa mai yawa ya ƙaru ko ya ragu a gulbi. Haka ragar take. 'Yar wutar jita ake kai mata. Idan siginar ta yi sama kaɗan, ilektiron da yawa su wuce, idan ta yi ƙasa a tare su. Wato ƙarfin daga soket ɗin bango yake zuwa, jita tana ba da umarni ne kawai.

Ana yin wannan mataki-mataki. Ƙaramin bawul mai lamba 12AX7, wanda Turawan Turai ke kira ECC83, shi ke karɓar siginar da farko. A takarda yana iya ninka ta sau 100, a aikace wajen sau 60. Daga nan sai manyan bawul irin su 6L6, 6V6, EL34 ko EL84 su ba ta ƙarfin tura lasifika. Sai dai bawul yana aiki ne da bolt mai yawa da kwararar wuta kaɗan, lasifika kuwa akasin haka take so. Shi ya sa ake sa taransifoma a tsakaninsu, kamar dai yadda taransifomar unguwa ke sauko da wutar babban layi zuwa wadda gida zai iya sha. Waɗannan taransifomomi ne ke sa amfilifayar nauyi. Fender Twin Reverb, alal misali, ta kusa kilo 30.

Daga ina gurnanin yake fitowa?

Mu yi ɗan lissafi. Jita ta ba da bolt 0.1. Matakin farko ya ninka sau 60, ya zama bolt 6. Idan ka buɗe maɓallin ƙara gaba ɗaya, mataki na biyu zai so ya sake ninkawa sau 60, wato bolt 360. Amma wutar da aka ba shi gaba ɗaya ba ta wuce bolt 300 ba. Ba zai ba da abin da ba shi da shi ba. Sai ƙololuwar siginar ta daki rufi ta baje, sama da ƙasa. Injiniyoyin farko sun ɗauki wannan a matsayin aibi, suna ta ƙoƙarin kauce masa. Makaɗa ne suka ji suka ce a bar musu.

Kowace amfilifaya tana da wannan iyaka. Bambancin shi ne yadda ake isa gare ta. A amfilifayar tiransisto ta gama-gari, sigina tana tafiya sumul har ta kai iyaka, sai a datse kanta ƙaf ɗaya kamar an sa almakashi. A ta bawul kuwa a hankali take lanƙwasawa, kamar mota mai rage gudu kafin ta tsaya.

Me ya sa kunne ya damu da wannan? Domin duk lokacin da aka sauya siffar sauti, sababbin sautuka ake haifarwa a kansa. Tsarkiya ta biyar ta jita tana karkaɗawa sau 110 a daƙiƙa. Idan aka baje kan siginarta, sai a samu ƙarin sautuka a 220, 330, 440, 550 da sauransu, wato ninkin na asalin. Na 220 da 440 sautin asalin ne dai a sama, kamar yaro da babba suna rera waƙa ɗaya, don haka kunne na jin su a matsayin kauri da cika. Na 330 ma yana jituwa da shi. Amma can sama, ninki na bakwai da na tara da na sha ɗaya, ba sa jituwa, su ne ke sa sauti ya yi tsami kamar lasifikar mai tallan magani da aka ƙure wa ƙara. Datsewa mai kaifi tana haifar da waɗannan na saman da yawa. Lanƙwasawa a hankali tana ba da na ƙasan da yawa, na saman kaɗan. Wani injiniyan sauti mai suna Russell Hamm ya wallafa gwaje-gwaje a kan wannan bambanci tun 1973.

A nan akwai wata magana da ake yawan maimaitawa, wai bawul ninki na biyu da na huɗu kawai yake bayarwa. Ba haka abin yake ba ɗari bisa ɗari. Bawul guda ɗaya da ke aiki shi kaɗai yana ba da ninki na biyu sosai, kamar a ƙaramar Fender Champ mai wat 5. Amma manyan amfilifayoyi suna jera manyan bawul biyu ko huɗu, wasu na turawa wasu na ja, kuma wannan tsari yana soke yawancin ninki na biyun da matakin ƙarshe ya haifar. Sautin da ake ji haɗin gambiza ne na matakan farko, da na ƙarshe, da taransifoma, da ita kanta lasifikar, wadda ba ta iya fitar da sautin da ya wuce karkaɗawa wajen 5,000 a daƙiƙa sosai, don haka take tace tsamin.

Akwai kuma abin da makaɗi ke ji a yatsunsa fiye da mai sauraro. Idan ya taɓa tsarkiya a hankali, sautin ya fito tas. Idan ya doka da ƙarfi, ya yi gurnani, ba tare da ya taɓa wani maɓalli ba. Sannan a tsofaffin amfilifayoyi, duka mai ƙarfi yana jan wuta da yawa har ƙarfinta ya ɗan faɗi na ɗan lokaci kafin ya dawo, kamar yadda ƙwan ɗaki ke dusashewa idan firij ya tashi. Wannan yana danne farkon sautin, ya ɗaga ƙarshensa, sai ka ji jitar tana jan numfashi kamar goge.

Mu a nan bai kamata son wannan sauti ya ba mu mamaki ba. Makaɗan ganga suna ɗaura igiya a kan fata da gangan don ta riƙa zuza, masu garaya suna maƙala ƙarafuna masu kacau-kacau a kan sandar. Kunnen Bahaushe ya daɗe da sanin cewa sauti mai ɗan kaushi ya fi shiga jiki kuma ya fi ratsa taro. A Amurka ma kusan da tsautsayi aka fara: a 1951 an naɗi waƙar Rocket 88 a birnin Memphis da amfilifayar da ta samu matsala a hanya, aka ji sautin ya yi daɗi aka bar shi haka. Daga baya Jim Marshall a Landan ya kwaikwayi tsarin Fender Bassman ya fitar da JTM45 a 1962, ita da Vox AC30 suka zama muryar kiɗan Ingila na shekarun 1960.

Idan ta iso Tambuwal

Ba kaya ba ne da ake cin karo da shi a kowace kasuwa. Galibin amfilifayoyin da ke masallatai da gidajen biki da wajen masu DJ na tiransisto ne. Mai bawul idan ta shigo, yawanci kwance ce daga waje, ta biyo ta Legas ko Kano. Ga abubuwan da za su iya kashe ta, ko su cutar da mai ita.

Na farko, ƙarfin wuta. Tamu bolt 230 ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 120 ce mai juyawa sau 60. Shahararrun amfilifayoyi da yawa don kasuwar Amurka aka yi su. Ka jona ta 120 kai tsaye a soket ɗinmu, in ka yi sa'a fiyus ya ƙone, in ba ka yi ba taransifomar ta tafi, kuma ita ce sashe mafi tsada. Kafin komai, a karanta abin da aka rubuta a bayanta. Idan 120 ce sai an saya mata taransifomar rage wuta, wadda ƙarfinta ya ninka abin da amfilifayar ke ci. Ko da hakan za ta ɗan fi yin zafi, saboda bambancin 50 da 60 ɗin.

Na biyu, hawa da saukar wuta. Wayar da ke dumama katod bolt 6.3 take so, kuma ba a son ta kauce da fiye da kashi 10 cikin 100. Ita kuwa kai tsaye take bin wutar bango: ta hau ta hau, ta sauka ta sauka. Duk wanda ke shan wutar Kaduna Electric a wannan yanki ya san ba kullum take zuwa daidai ba, ƙaramin janareta kuwa ya fi ta rawa. Sitabilaiza mai kyau dole ce. Kada a tayar da janareta ko a kashe shi alhali amfilifayar na kunne. Masu sola kuma su duba inbatarsu, domin masu arha ba sa fitar da wuta mai santsi, sai ka ji amfilifaya tana ƙugi, taransifoma tana zafi. Sannan a san cewa tana da ci: bawul EL34 guda ɗaya yana cin amfiya 1.5 a bolt 6.3 don dumama kawai, guda huɗu kusan wat 38 ke nan tun ba a taɓa tsarkiya ba.

Na uku, zafi da ƙura. Gilashin babban bawul yana iya kai wa digiri 200, zai ƙona hannu nan take. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin jihar Sakkwato ke haura digiri 40, kayan ciki, musamman kafasita, sun fi saurin tsufa. A bar mata sarari a baya, kada a jingina ta da bango, kada a ajiye ta a rana, in da hali a sa mata fanka. Da hunturu kuma ƙura na taruwa a mazaunin bawul, idan damina ta zo ta sha laima sai wuta mai ƙarfi ta samu hanyar tsallakawa. A rufe ta da zane bayan ta huce. Haka nan a bari ta huce kafin a ɗora ta a mota, domin gargadar hanyoyin ƙauye tana kwance kayan cikin bawul, ballantana yana da zafi.

Na huɗu, kada a taɓa kunna ta ba tare da an jona lasifika ba. Ta tiransisto ba ta damu ba, amma a ta bawul ƙarfin da ya rasa wurin zuwa yana komawa cikin taransifoma ya huda ta. Kuma a daidaita lambar: inda aka rubuta om 8, a sa lasifika mai om 8. Idan kuma aka ga farantin cikin bawul ya yi ja kamar garwashi, ba ɗan hasken tsakiyar nan ba, a kashe nan take a kai wa mai gyara.

Maganar rai

Wannan sashen ya fi duk sauran muhimmanci, musamman ga masu gyaran rediyo da talabijin da za a iya kawo musu irin wannan kaya. A cikin amfilifayar akwai manyan kafasita da ke riƙe bolt 400 zuwa 500, kuma suna iya ci gaba da riƙe wutar bayan an zare filogi. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba, idan ta ratsa ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya. Wanda ya saba gyaran tsohuwar talabijin mai ƙwai ya san irin wannan haɗari. Sai an sauke wutar kafasitan ta hanyar da ta dace, an auna da mita an tabbatar, kafin a sa hannu. Wanda bai koya ba kada ya kwance ta.

Makaɗin ma bai tsira ba. Tsarkiyoyin jita a haɗe suke da ƙarfen jikin amfilifaya ta wayar jita. Idan wuta ta zubo a jikin ƙarfen, ƙafa ta uku ta filogi ce ke kwashe ta zuwa ƙasa. A gidajenmu da yawa ba a ja wannan wayar ba, wasu kuma karya ƙafar suke yi don filogi ya shiga soket. In babu ita, jikin makaɗin ne hanya, musamman idan yana tsaye ba takalmi ko leɓensa ya taɓa makirfo. Haka Leslie Harvey ya rasu a kan dandali a Swansea a 1972, Keith Relf kuma a gidansa a Landan a 1976. Idan ka ji tsarkiya ko makirfo na ɗan cizonka, ka tsaya a nemo mai wayarin.

Sai kunne. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyakar desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ke nan. Amfilifaya mai wat 30 da aka buɗe a ɗaki tana wuce haka cikin sauƙi, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Matsalar ita ce manyan bawul ba sa yin gurnaninsu sai an ƙure su. Shi ya sa ƙaramar amfilifaya ta fi dacewa da yawancin mutane. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, sai an ninka sau goma kunne ke jin ƙara ta ninka. Wato mai wat 50 ninki biyu kawai ta fi mai wat 5 a kunne. Mai wat 5 zuwa 15 ta ishi gida da situdiyo, a wajen biki kuma a kafa mata makirfo a gaba.

To, a saya ko a bari?

Bawul yana ƙarewa kamar taya. Ƙananan suna yin shekaru, manyan kuwa idan ana aiki da su kullum shekara ɗaya zuwa biyu ne, kuma bibbiyu ake sauya su, sannan a yawancin amfilifayoyi sai mai gyara ya sake saita su. Masana'antun da suka rage a duniya 'yan kaɗan ne, manyansu a Rasha da Sulobakiya da Sin. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya taɓa fitar da kaya daga masana'antar birnin Saratov, farashi ya tashi a ko'ina. Mai amfilifaya a Kebbe, idan bawul ɗinsa ya mutu ana gobe biki, ko ya yi tafiyar kilomita 100 da ɗoriya zuwa Sakkwato ba lalle ya samu ba. Dole ya ajiye na ko-ta-kwana.

A ɗaya ɓangaren, tiransisto ba abin rainawa ba ne. Roland JC-120 da ta fito a 1975 ba ta da bawul ko ɗaya, kuma manyan makaɗa suna alfahari da ita har yau. Tun ƙarshen shekarun 1990 kuma ake da na'urori masu kwaikwayon lanƙwasawar bawul da lissafin kwamfuta, kuma sun yi nisa ƙwarai. Ba su da nauyi, ba sa zafi sosai, wasu ma da batiri suke aiki.

Ga mai koyo, ko mai yawon biki daga Tambuwal zuwa Dogon Daji zuwa Jega da ƙaramin janareta, shawarata ita ce ya fara da ta tiransisto ko mai kwaikwayo, ragowar kuɗin ya sayi tsarkiya mai kyau da sitabilaiza. Mai situdiyo da ke da tsayayyiyar wuta, da wayar ƙasa, da mai gyaran da ya san aikin, shi ne zai ci moriyar ƙaramar mai bawul. In zai saya, ya duba bolt ɗin bayanta, ya kunna ta ta yi aƙalla rabin awa yana saurare ko za ta yi ƙugi ko ƙara kamar ana soya gyaɗa, ya shinshina ko akwai warin ƙuna, sannan ya tambayi lambar bawul ɗin da inda zai samu wasu kafin ya biya.